Shekarar da Na Mayar wa Inna da Mazarinta

Shekaranjiya ina zaune bakin ɗaki ina tsintar wake, sai ga Luba ta shigo daga Wurno da 'ya'yanta. Ko mayafi ba ta cire ba ta sunkuya ta zare faifan daga cinyata.

"Haba Iya, ina jikokinki? Ki huta mana, ga hannunki nan rawa shika yi."

Na bi faifan da ido har ta shige madafa da shi. Luba ce fa, autata, ita da kanta! Shi ya sa na ce wannan babin ba zai jira ba. Kun taso kuna jin wata magana daga gidan Kawunku Ummaru a Goronyo, ana faɗinta ƙasa-ƙasa wurin biki da suna, wai ni Hajara na ɗauko uwata tsohuwa na sa ta aiki har ta faɗi ta karye. Na san kun ji, don na sha ganin fuskokinku in kun dawo daga can. Ban taɓa tanka wa kowa ba, saboda Yaya yana raye, ina kuma jin nauyinsa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ni kuma na ga abin ya fara zagayowa kaina. To ku ji yadda aka yi daga bakina.

Tun da na buɗe ido a gidanmu na Wurno na san Inna da kaɗi. Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani: mazari ɗan siririn tsinke ne mai dunƙulen yumɓu a gindi, da shi ake murza auduga ta zama zare. Inna za ta miƙe ƙafa a inuwar ɗaki, ta shafa alli a yatsu, ta ɗaga auduga da hagu, ta murza mazarin da dama yana juyi cikin 'yar tasa. To daga nan fa baki ya buɗe. Tana kaɗi tana raba mana faɗa, tana kaɗi tana lissafo dangi tun daga Lahodu har Taloka, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace ce ta ari tukunya ba ta mayar ba. Mukan yi mata tsiya mu ce duk mai son gidan nan ya yi shiru, to ya ɓoye mazarin Inna. Dariya muke yi a lokacin, ba mu san gaskiya muke faɗa ba.

Yaya Ummaru shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, Dogo take ce masa. Fataucin albasa ya karɓe shi, ya yi gini a Goronyo, ya zama mutumin da ake tashi in ya shigo. Kuma ku ji da kyau, ban taɓa ganin ɗan da ke son uwarsa kamar Yaya ba. Da Baba ya rasu, Inna na fita takaba ya zo da mota ya durƙusa gabanta.

"Inna, wahala ta ƙare. In dai ina numfashi, hannunki ba shi ƙara taɓa aiki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, wallahi. Kowa ya sa masa albarka, har da ni. Aka kai ta Goronyo, aka ba ta ɗaki mai siminti da fanka, aka shimfiɗa mata sabuwar katifar auduga. Mazari kuwa aka baro shi Wurno cikin tarkace, don me uwar mai arziki za ta yi da shi? Abinci a kawo mata, ruwan alwala a zuba mata, in ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya sai mutum uku sun taso. Wata rana ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, ko ƙwarzanewa ba ta yi ba, amma daga ranar Yaya ya hana a bar ta ta taka ko'ina. Ta zauna kan katifa ana yi mata fifita.

Kafin shekara ta zagayo, Inna ta fara ɓace mana. Da farko maganar ce ta ragu. Sannan ta riƙa tambayar mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ta tayar da salla ta tsaya tsakiya ba ta san inda take ba. Ranar da na je duba ta, Yaya ya shigo gaishe ta da safe kamar kullum, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu Malam. Wa kaka nema?"

Na ga ƙaton mutumin nan ya fita yana share ido da hannun riga. An kai ta asibiti, an yi rubutu, an yi sadaka, aka ce tsufa ne, sai haƙuri. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne katifa. Inna ta fasa ta da farce tana zaro auduga tana tarawa a cinya. Aka ɗinke, ta sake fasawa. Aka ce ai gigin tsufa ne ya kai maƙura, aka canza mata ta soso. Sai ta koma tsintar bakin zanenta har ya zama yayi-yayi.

Ni kuma a gidan aurena a Gandi ina da tawa damuwar, ita ce Luba. Bayan yayyenki, Luba, na yi ta haihuwa ana binnewa, har mutane suka fara ce mini mai wabi. Da kika zo kika tsaya, sai tsoro ya hana ni sauke ki. Daga bayana sai bayan gwaggonki, daga nan sai kafaɗar mahaifinku. Ƙasa ba ta san tafin ƙafarki ba. Kar ki ci ƙasa, kar kunama, kar sanyi, kar kaza ta tsatstsage ki. Ga ki ɓul-ɓul kyakkyawa, amma sa'o'inki suna gudu tsakar gida suna kiran sunan awaki, ke kin kusa yaye ko rarrafe ba ki yi, baki kuma ko "baba" babu. Mata suka fara raɗa, wasu su ce gurguwa ce, wasu su ce bebiya. Ni kuwa da na ji haka sai in ƙara ɗaure goyona tamau.

A wannan shekarar Yaya ya tashi zuwa Makka da matarsa, ya rasa inda zai bar Inna, ya kawo mini ita da sharuɗɗa kamar ana ba da amanar ƙwai. Kar ta taka, kar ta ɗauki komai, kar rana ta taɓa ta. Na ce to. Ni dai katifar auduga gare ni, ita na shimfiɗa mata a rumfa.

Farkon damina ne. Wata rana da hantsi na baza gero a tsakar gida, sai hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ba kowa gidan. Goyo ya hana ni sunkuyawa da sauri, dole na kwance Luba na dire ta kan tabarma kusa da Inna, na ruga kwasar shanya. Da na gama na dawo, sai na tarar Inna ta fasa mini katifa. Har na buɗe baki zan yi salati, sai idona ya sauka kan hannunta. Ta miƙa yatsu biyu ta goga jikin bango inda farar ƙasa take, ta dawo da su ta murza iska, hannun hagu kuma yana sama riƙe da audugar tana ja a hankali. Ta sake goga bango, ta sake murzawa. Na tsaya kamar an dasa ni. Bangon nan alli ne a wurinta. Shekara guda ana cewa uwata ta haukace, ashe kaɗi take yi babu mazari. Na zauna nan ƙasa na yi kuka har ruwa ya fara sauka ban sani ba.

Ana ɗauke ruwa na shiga gidan wata tsohuwa maƙwabciyarmu, na aro mazari da tasa da alli, ta haɗa mini da 'yar audugar da ta gyara. Na zo na aje su a cinyar Inna. Ta daɗe tana kallonsu, ka ga idon bai gane su ba. Hannun ne ya gane. Ya lallaɓa ya ɗauki mazarin ta inda ake ɗauka, ya taɓa alli, ya murza. Zaren ya tsinke. Ta haɗa, ya sake tsinkewa. Can sai ya kama, tasa ta fara wannan 'yar ƙarar da na taso da ita a kunne. Sai na ji murya, tsaf, irin ta da.

"Wanga mazari na wa na? Gindinai ya cika nauyi, ba a iya zaɓe ba."

Wayyo Allah, daɗi! Wata nawa ba ta haɗa magana ba, ta farko da ta fito kuwa kushe ce. Na ce lallai Inna ta dawo.

Ban lura da Luba ba sai da na ji tim. Tun da mazarin ya fara juyi ta kafa masa ido, ta miƙa hannu bai kai ba, ta ƙara miƙawa har ta kife da ciki. Na zabura zan ɗauke ta, Inna ta daka mini tsawa ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke Hajara, bar ta! Mi ƙasa za ta yi mata? Kin ɗaure ɗiya ga baya awa ƙunshin kaya, mi taka gani ban da ƙeyarki? In ba ta tai ta taɓa abu ba, ina za ta san shi?"

Ban san wanne ya fi girgiza ni ba, faɗan ko jin sunana a bakinta. Na koma na zauna, hannuna na ƙaiƙayi. Luba ta yi kuka, ta yi jan ciki, ta yi kuka, har ta kai ta damƙe tasar. Ta kwashe alli ta shafa a baki. Inna ta yi dariya, ni ma na yi.

Daga ranar na bar su tare. Inna takan gangara dunƙulen zare can gefe da gangan, ta ce "kawo", Luba ta bi shi. Jan ciki ya zama rarrafe, rarrafe ya kai ta bakin turke, ya kai ta gindin randa, ya kai ta cikin toka. Abin da ya ba ni mamaki, duk inda gwiwarta ta kai, bakinta sai ya biyo. Ta taɓa akuya ta ce "me", ta tsoma hannu a ruwa ta ce "wawa". Amma maganar da ta fara fitowa sosai ita ce "kawo". Mahaifinku ya dawo daga gona da ɗanyar gyaɗa, ta miƙa masa hannu ta ce "kawo", ya saki fartanya ya yi ta kabbara.

"Gidanga ya koma makaranta," in ji shi. "Ɗalibai biyu, kuma ban gane wane na malamin ba."

Inna ma haka. Ranar da ta yi kaɗi da safe, to ranar tana tare da mu, ta san kowa, ta tambayi gona. Ranar da auduga ta yanke ko zazzaɓi ya kwantar da ita, sai hazon nan ya dawo idonta. Na daina zuba mata ruwan alwala, na bar ta da butarta. Kun san da hannunta ya koma yin alwala da kansa, salla ma sai ta dawo mata daki-daki? Sannan wata rana ta ce ita sai ta je ta ga awakin nan da ke damunta da kuka. Na tuna sharaɗin Yaya, na dubi uwata, na miƙa mata sanda. Ta dafa bango ta miƙe. Luba ta kama bakin zanenta ita ma ta miƙe. Haka suka riƙa ratsa tsakar gida kullum, tsohuwa gaba, yarinya baya, tatata, tatata. Muka kuma gano wani abu: in suna tafiya ba a yi musu magana. Ka ce "Inna sannu", sai ta tsaya cak, ba ta iya haɗa amsa da taku. Ka kira Luba, sai ta zauna daɓas. Duk hankalinsu yana ga ƙafa, ba saura. Don haka in sun taso, gidan kan yi tsit, har yayyenku masu ƙiriniya, sai sun isa turke a saki numfashi.

Labari kuwa ya riga ni isa Goronyo. Wani ya shigo gidanmu ranar kasuwar Gandi ya gani, ya kai. Yaya na dawowa daga Makka ya zo da mota da tsarabarsa, ya yi sallama ya shigo, ya tarar da Inna zaune a ƙasa, yatsu fari fat. Ya ja ni gefe.

"Hajara, mi na na wanga? Mi nir rage ta da shi? Kin san abin da aka hwaɗi kasuwa? Wai uwar Alhaji kaɗi taka yi ta samu na tuwo!"

"Yaya, ba don tuwo na ba. Zamna ka gani."

"Ba ni zama. Haɗo kayanta."

Ya je ya durƙusa zai gaishe ta, irin gaisuwar da ya saba yi ba ya jiran a gane shi. Inna ta ɗago, mazari na juyi.

"Dogo, yaushe kaz zo? Miƙo hannuwanka, zaren ga ya cika."

Ya miƙa su kamar ba nasa ba. Ta shiga naɗa zare a hannuwan Alhaji guda, da babbar rigarsa da agogonsa, tana yi masa faɗa wai har yanzu bai iya tsayawa wuri ɗaya ba, tun yana yaro in an ce ya riƙe zare sai ya sulale ya tafi gulbi wanka. Hawaye na bin gemunsa, ba halin sharewa, hannu na ɗaure. Na ce a raina shi ke nan, magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Da ta gama, ya karɓi mazarin a hankali ya aje bayansa, ya ce ya isa haka, ta huta. Ya zauna yana yi mata fifita yana ba ta dabino. Hannunta ya ɗan yi ta motsi a cinya, sannan ya kwanta. Kafin la'asar ta yafito ni, ta tambaye ni a kunne ko an ba baƙon nan ruwa. Ya ji. Duk da haka ya ce zai tafi da ita. Na ce to ya tafi da mazarin, a kuma bar ta ta taka. Ya ce gidansa gidan baƙi ne, ba zai iya a shigo a ga uwarsa haka ba, kuma in ta faɗi fa? Ni da ban taɓa ce wa Yaya a'a ba tun da aka haife ni, ranar na tsaya a ƙofar rumfa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Inna ba ta zuwa."

Ya juyo gare ni.

"In wani abu yas same ta, wuyanki."

"Na ɗauka."

Ya tafi. Bai fasa aiko da hatsi da sutura ba, bai fasa zuwa gaishe ta ba, amma ni sai gaisuwar fatar baki. Ko ruwan gidana ya daina sha. Ɗan'uwana guda a duniya, wanda ya goya ni. Abin ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Kada ku ce Inna warkewa ta yi. Tsufa bai fasa tafiyarsa ba, akwai ranakun da ko mazarin bai iya kamo ta. Amma ta ƙara wasu shekaru tare da mu tana sanin kanta mafi yawan safiya. Ta ga Luba na gudu, ta koya mata Fatiha, ta yi mini faɗan gishiri a miya. Sannan abin da Yaya ya ji tsoro ya faru. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta nufi turke, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Ɗori bai kama ba. Ta kwanta, da kaka Allah Ya karɓi abarsa. To wannan ita ce faɗuwar da kuke ji. Gaskiya ne, da tana kan katifa a Goronyo da ba ta faɗi ba. Na juya wannan a raina ba sau ɗaya ba. Amma na ga uwata a kan katifar nan, na kuma gan ta a hanyar turke, kuma ko yau aka sake tambayata, sandar zan miƙa mata.

Ranar rasuwar, ana shirin ɗinka likkafani, sai ga Yaya ya shigo har cikin mata, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya kaina, idonsa jawur.

"Hajara, ina zaren nan? Wanda nir riƙe mata."

Yana cikin kwallata, ban taɓa shi ba. Na ɗauko na ba shi, da shi aka ɗinka. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a rumfar, daidai inda take zama, ya ce in ba shi ruwa. Ya shanye kwanon tas. Bai ce komai ba a kan abin da ya wuce, ni ma ban nema ba.

Yanzu ga ni na kai inda Inna ta kai. Hannu na rawa, gaskiyar Luba ce. Sunayen jikoki sukan sulle mini, sai na bi su ɗaya-ɗaya kafin in kamo wanda nake so. Na kuma san ku, kuna da zuciya irin ta Kawunku, kuna sona, kuna jin kunyar a shigo a ga uwarku da aiki. Su nake tsoro, son nan da kunyar nan. Ku bar mini butata. Ku bar ni in taka zuwa turke, in kun ga na taso ku yi shiru har in isa. In na faɗi, na yafe muku tun yau, ga shi na rubuta da hannuna. Ranar da kuka ga na dube ku ina tambayar wa kuke nema, ko kuka tarar na fara fasa katifa, kar ku canza katifar. Ku dubi abin da yatsuna ke yi, ku sa mini shi a hannu, ku dire ƙaramin jika kusa da ni.

Ke kuma Luba, da kika iya tafiya don an bar ki kin faɗi, faifan waken nan ban gama da shi ba. Kawo.